Wasiƙar Gwarzo: Wa Ya Jiƙa Daɓen?

Zuwa ga Edita,

Takardar nan da ka turo mini ta wani malamin makaranta daga ƙasar Kabo ta iso, na kuwa karanta ta har sau uku. Da na yi niyyar makon nan in ci gaba da zancen rumbu da na fara, amma na ajiye shi tukuna, gama abin da ke cikin takardar ba ya jira. Mutumin ya ce ran kasuwa mai zuwa zai kai magininsa ƙara gun mai gari. Saboda haka ina roƙonka fili in amsa masa a gaban jama'a, don na tabbata ba shi kaɗai abin ya dama ba.

Ga abin da ya rubuta a taƙaice. Ya gina ɗaki na bulo da siminti, ya shimfiɗa leda, da ya sami hali kuma ya sa aka kafa masa na'urar nan ta sanyaya ɗaki, wadda a ke kira iyakwandishan, a jikin bangon gabas. Ba a yi shekara biyu ba sai leda ta kumbura daidai ƙarƙashin na'urar, ta yi baƙi. Da ya ɗaga ta sai ya tarar da siminti a jiƙe yana wari, gindin bangon kuwa tun daga wannan kusurwa har waccan ya yi fari-fari sai ka ce an barbaɗa kanwa. Ya ce lalle magini ya cuce shi, ya rage siminti ya cika yashi. Yana tambaya ko ya fasa daɓen a sake, in kuwa za a sake, wa zai biya.

Malam, kafin in ce kome a kan ɗakinka, bari in tona asirin kaina, ko da ya ke da kunya.

A bazarar 2021 babban ɗana da ke aiki a Kano ya zo Gwarzo ya tarar ina kwana a tsakar gida saboda zafi, sai ya sayo irin na'urar nan ya sa aka kafa mini a ɗakin karatu. Wanda ya yi wa ɗakin daɓen siminti wani tsohon magini ne, mutumin da tun yana saurayi ya ke yi wa mahaifina aiki. A ƙarƙashin na'urar, jikin bango, nan na ajiye adakar littattafan da na gada, waɗansu na ɗab'i, waɗansu rubutun hannu cikin gafaka. Shekarar farko lafiya lau. Da marka ta 2022 ta kankama sai na fara jin wani wari in na shiga ɗakin da asuba, na ce ko ɓera ne ya mutu a wani lungu. Ran da na jawo adakar sai gindinta ya rabu da ita, ashe ya ruɓe. Littattafai uku na ƙasa sun manne sun zama kamar curin daddawa. Tawadarmu kuwa kun san ba ta jure ruwa, ta narke ta bi takarda. Ɗaya daga cikinsu kakana ne ya rubuta da hannunsa, ba shi da na biyu.

Zuciya ta ɗebe ni. Na fita majalisa bayan la'asar na ce tsohon nan ya ha'ince ni, na faɗi maganganun da ba zan maimaita su a jarida ba. Magana ta kai masa, bai ce kanzil ba, sai dai ya daina biyowa ta ƙofar gidana. Na kira wani magini aka fasa daɓen aka sake zubawa, na biya abin da ya kusa albashin wata. Da damina ta kewayo sai ga jiƙa ta komo wurinta na dā, ba ta gusa ko da taƙi ɗaya ba.

Wanda ya warware mini matsalar wani yaro ne da na koyar a firamare, yanzu gyaran firji ya ke yi. Ya zo gaishe ni, ya dubi daɓen, ya ɗaga kai ya dubi na'urar, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni tsani." Ya kewaya bayan ɗaki ya kama ɗan tiyon nan da ke fitowa daga na'urar, wanda ni ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Ashe zanzaro ya yi gini a bakinsa ya toshe, cikinsa kuma ƙurar hunturu biyu ta zama taɓo. Ruwan da ya kamata ya fita waje sai ya cika ɗan farantin da ke cikin na'urar, ya malalo ta baya, ya bi hudar bango, ya gangara ta cikin ramukan bulo inda ido ba ya gani, sa'an nan ya ɓullo a ƙarƙashin adakata. Da yaron ya zura kara ya hura, sai ruwa ya tsiyayo kamar an kwance bakin salka. Ya ajiye galan na lita 4 a wurin da magariba, kafin asuba ya cika ya tumbatsa.

Na sayi goro na tafi gidan tsohon. Na ce, "Baba, na zo neman gafara." Ya daɗe bai ɗago kai ba, sa'an nan ya ce, "Malam, ai siminti ba ya haihuwar ruwa. Da ka kira ni, da mun nemi inda ya fito tare." Ya yafe, amma har yanzu in mun haɗu ni ke fara sunkuyar da kai.

To, jama'a, na'ura dai ba a zuba mata ruwa, ina ta samo lita 4 a dare ɗaya? Daga iskar ɗakin. Ku dubi abu biyu da ke cikin ko wane gida. Randa tana jiƙewa ta waje, kwalbar lemo da aka fiddo daga firji ita ma tana jiƙewa ta waje, amma jiƙar tasu ba ɗaya ba ce. Ruwan jikin randa daga cikinta ya ke fitowa, ya ratso ta ƙananan ƙofofin yumɓu, shi ne naso. Kwalba kuwa ba abin da ke ratsa ta. Ruwan jikinta daga iska ya sauka, don iska in ta taɓa abu mai sanyi sai ta saki ruwan da ta ke ɗauke da shi, kamar yadda raɓa ke sauka bisa ciyawa da asuba. Daɓen da ya jiƙe, ko dai randa ne, ko kwalba, ko kuwa wani abu ne ke yi masa yoyo daga bisa kamar nawa. Ko wane da maganinsa, maganin wani kuma ba ya yi wa wani.

Masana sun auna abin. Iska mai zafin digiri 30, in aka ɗebi cikin akwati mai mita ɗaya ta ko wace fuska, tana iya ɗaukar ruwa wajen giram 30. In ta huce ta komo digiri 15, abin da za ta iya riƙewa bai kai giram 13 ba, sauran dole ta ajiye shi a kan abin da ta taɓa. Da marka, sa'ad da laimar iska ta kan kai kashi 70 cikin 100 ko fiye, ɗaki mai mita 4 da mita 4, tsayinsa mita 3, iskar cikinsa kaɗai tana ɗauke da ruwa kusan lita ɗaya, ko wane buɗe ƙofa kuma sabuwa ke shigowa da nata. A irin wannan rana duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 24 zai yi raɓa. Iska mai sanyi kuwa ta fi mai zafi nauyi, don haka in ta fito daga bakin na'ura ƙasa ta ke nufa, ta sanyaya daɓen da ke gabanta fiye da ko ina a ɗakin.

A nan ne zamanmu ya bambanta da na ƙasashen da wuta ba ta yankewa. Mu kan kunna na'ura ta yi awa uku ko huɗu, tayil ya yi sanyi ƙarara, sai wuta ta ɗauke. Ɗaki ya fara ɗumi, mu tashi mu buɗe taga da ƙofa, iskar damina ta shigo ta kwanta bisa tayil mai sanyi. Da safe a ga wuri a jiƙe, a ce yaro ne ya zubar da buta, a dake shi a banza. Ƙanƙara ma haka: in ragar da ke tace ƙura ta toshe, ko gas ɗin na'urar ya ragu, sai cikinta ya daskare, wuta na ɗaukewa ƙanƙarar ta narke gaba ɗaya ta fi ƙarfin farantin.

Wani abin mamaki, wanda na san zai yi wa ma'aikatan ɗab'inka daɗi, Edita, shi ne tun asali ba don jin daɗin mutane aka ƙago na'urar nan ba, don janye ruwa daga iska aka yi ta. A 1902 wani injiniya Ba'amurke, Willis Carrier, ya tsara ta saboda wata maɗaba'a a birnin Niyu Yok, inda laima ke sa takarda ta kumbura ta motse, launuka su ƙi hawa daidai bisa juna. Watau tatsar ruwa shi ne aikinta na fari. Wanda ya kafa ta bai tanadi inda ruwan zai tafi ba, daidai ya ke da wanda ya yi soro bai sa indararo ba.

Yanzu ga yadda za ka binciki ɗakinka, Malam, ba da kashe ko sisi ba. Fara da tambayar lokaci. Ka kashe na'urar kwana bakwai, ka naɗe leda, ka bar taga a buɗe da rana. In wurin ya bushe, sa'an nan ya komo jiƙewa bayan ka kunna, to, ka kama ɓarawo. In kuwa na'ura na kashe amma jiƙa na nan, ko kuwa tana ƙaruwa kwana ɗaya ko biyu bayan ko wane ruwan sama, ka wanke na'urar daga zargi, ka dubi ƙasa. Jiƙar da ta wuce damina ta kai kaka, har aka shiga sanyi ba ta tafi ba, ba ta iska ba ce, gama da hunturu laimar iskarmu ta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ko kwalbar firji da ƙyar ta ke yin gumi.

Sa'an nan gwajin leda, wanda shi ne alƙalin da ba ya karɓar toshi. Ka sami farar leda mai kauri wadda ba ta huje ba, ka yanka inci 18 ta ko wace fuska, watau kamar kamu ɗaya. Ka share simintin ka goge shi, ka shimfiɗa ta, ka manne gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Maginan Amurka, waɗanda suka mai da wannan gwaji ƙa'ida, awa 16 su ke bari. Ni na kan bar ta kwana ɗaya cur. In ka tarar da ɗigon ruwa a cikin ledar ta ƙasa, ko simintin da ta rufe ya yi duhu, ruwan daga ƙarƙashi ya ke tasowa, daɓenka randa ne. In kuwa bayan ledar ne ya jiƙe, ƙarƙashinta a bushe, daɓenka kwalba ne. Kada ka manna guda ɗaya kaɗai. Ka sa ɗaya ƙarƙashin na'ura, ɗaya a can ƙarshen bangon gabas, ɗaya a tsakar ɗaki, don bambancin da ke tsakaninsu shi ne zai ba ka labari.

Siffar jiƙar ma tana magana. Ta yoyo ta kan taru wuri ɗaya, da tabo a bango daga bisa zuwa ƙasa in ka haska da tocila. Ta raɓa ta kan bazu gaban na'ura daidai inda iska ke sauka. Ta ƙasa kuwa, wadda tsofaffi ke kira rima, ta kan bi gindin bango a jere, ta hau taƙi ɗaya ko biyu ta tsaya, fenti yana ɓarewa. Farin nan da ka gani, ka murza shi da yatsa. In yana gurzar hannu kamar gari, ya kuma narke a ruwa, gishirin ƙasa ne da na siminti wanda ruwa ya ɗauko ya bari sa'ad da ya bushe. In kuwa yana da laushi, yana shafuwa, yana wari, fumfuna ce. Masu tayil su ɗauki mabuɗi su bi suna ƙwanƙwasawa; inda ya yi ƙara kamar ƙwarya, ya rabu da simintin ƙarƙashinsa. Amma a lura, ba ko wane tayil da ya tashi ne ruwa ya tayar ba. Wanda aka matse shi da bango ba a bar masa wurin miƙewa ba, sauyin zafi da sanyi kaɗai ya isa ya sa ya yi tozo ya fashe.

Sai zancen wuta, don abin da mu ke yi wa daɓe da hunturu bai gaza na bazara ba. Daga Getso har Garo, in sanyin Disamba da Janairu ya shigo, ba ɗakin tsoho da za ka shiga ba ka ga kaskon gawayi ba, kullum kuwa a wuri ɗaya a ke ajiye shi. Nan leda ke ƙanƙancewa ta naɗe baki, siminti ya yi tsaga kamar faso. Wannan ɓarnar zafi ce, ba ta ruwa ba, maganinta a ɗora kasko bisa bulo ko faifan yashi. Amma akwai wata dabara ta ruwa da ta kan ruɗi mutane. In ƙarƙashin ɗaki na da rima, inda ya fi zafi nan ruwa ya fi saurin bushewa, saboda haka nan gishiri ya fi taruwa. Sai ka ga farin zobe kewaye da mazaunin kasko, ka ce wuta ce ta kawo, alhali ruwan daga bayan ɗaki ya shigo. Inda ɓarna ta bayyana ba lalle ne nan ruwa ya shiga ba. Masu kunna risho a ɗaki kuma su sani, lita ɗaya ta kananzir in ta ƙone ta kan saki ruwa kusan lita ɗaya cikin iska, wanda zai kwana a jikin taga da bayan kabad. Ba zan wuce nan ba sai na ce kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da ke fita daga gare shi ba ta da wari, tana kuwa kisa cikin barci.

Na kan yi tunanin iyayenmu mata da daɓensu na dā. A kawo burji a baza, a yayyafa ruwa, su jeru da madaɓi suna bugu suna waƙa har ya kwanta, sa'an nan a bi shi da ruwan makuba ya yi ja ya yi ƙarfi. Daɓen nan yana shan danshi da damina, ya sake shi da rani, ba ya riƙe kome a ciki. Mu muka zo muka rufe ƙasa da siminti, muka rufe siminti da leda, muka toshe tagogi don sanyi kada ya fita, sa'an nan muna mamakin ruwa ya rasa hanya. Ba cewa na ke a koma wa burji ba, ni ma ba zan koma ba. Amma wanda zai rufe daɓe ta bisa, wajibi ne ya fara rufe shi ta ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, a kuma ɗaga ɗaki ya fi tsakar gida tudu. Sabon daɓe kuma a yi masa haƙuri. Kwana 28 da magina ke faɗi na ƙarfinsa ne, ba na bushewarsa ba. Bushewa kamar kwana ɗaya ce ga ko wace milimita, watau daɓe mai kaurin inci 2 yana son wajen wata biyu kafin a rufe shi. Mu kuwa sai a zuba ran Asabar, ran Juma'a a shimfiɗa ledar amarya.

To, Malam, ga abin da na ke zato game da ɗakinka, zato ne kuwa, don ban gani da idona ba. Ina tsammanin ruwa biyu ne suka haɗu maka. Baƙin da ke daidai ƙarƙashin na'ura ya yi kama da nawa. Farin da ya bi bangon gabas daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa ba aikin tiyo ba ne. Hadarinmu daga gabas ya ke tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, ƙasarku kuma tana da fadamu da madatsun ruwa irin na Guzuguzu, inda a waɗansu unguwanni ruwan ƙasa ba shi da nisa da damina. Ka kewaya bayan bangon ka duba: ko ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu, ko ruwan kwano yana zuba a gindin gini, ko akwai makwararar wanka kusa, ko tiyon na'urar da kansa a gindin bangon ya ke ɗiga dare da rana. Wannan na ƙarshe na gan shi a gidaje da yawa a kan hanyarmu ta zuwa Kano, har gindin bango ya yi kore.

In na'ura ce, gyaran ba shi da wuya. A wanke raga ko wane mako biyu, balle bayan hunturu. A hure tiyo kafin damina, a tabbata yana gangara tun daga na'ura har ƙarshensa ba tare da ya yi ciki ba, a ƙara masa tsawo ya wuce gindin gini, ko a sa shi cikin bokiti a ba shuka. A duba soson da aka naɗe bututun tagulla da shi, in ya yage a sake, don shi ma yana gumi cikin bango. A karkata bakin na'ura iska ta tafi tsakar ɗaki, in wuta ta ɗauke kuma a dakata kaɗan kafin a buɗe taga. Adaka da buhun hatsi da katifa a ɗaga su bisa katako, a janye su daga bango kamar faɗin hannu.

In gwajin ya nuna daga ƙasa ne, har yanzu ba a kai ga ƙara ba. Ka tuna ko ka sayi ledar ƙarƙashin kankare ka ba shi ya ƙi sawa, ko kuwa ya faɗa maka ka ce kuɗi sun ƙare. Ka tuna wa ya matsa a shimfiɗa ledar ɗaki da wuri. Ka kira shi ya zo ku ɗaga ledojin gwajin tare, ya gani da idonsa, gama mai yiwuwa ne ya san hanyar ruwan unguwarku fiye da kai.

Ka ɗaga maganar mai gari zuwa kasuwa ta gaba. Ka rubuto mini ta hannun Edita abin da ka tarar ƙarƙashin ko wace leda daga cikin ukun nan, da tsayin farin da ke jikin bango, da inda tiyon ke zuba. In hali ya yi, ranar da zan shiga Kano na biyo ta Kabo mu duba tare.

Haza wasalamu.

Naka,
Malamin makaranta, Gwarzo.